Gigin Tsufa Ciwo Ne, In Ji Masanin Ƙwaƙwalwa Ɗan Arewa

Daga Wakilinmu na Arewa, Azare

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, da yawa daga cikinku kun baro tsofaffi a gida. Wani in ya zo ganin gida da Salla, sai ya tarar mahaifiyarsa ba ta shaida shi ba, ko kuwa ta ci tuwo yanzu ta ce an hana ta abinci. A nan ƙasar Katagum, kamar sauran wurare, akan ce gigin tsufa ne, wani ma ya ce sammu ne ko iska. To, masana sun tabbatar ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma akwai ɗan Arewa da ya duƙufa a kan bincikensa.

Wannan bawan Allah shi ne Dakta Mahmoud Bukar Maina, mutumin Jihar Yobe. Ya yi karatun sanin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Maiduguri, ya koyar a Jami'ar Jihar Gombe, sa'an nan ya wuce Jami'ar Sussex ta Ingila, inda ya sami digirin dakta a 2017. Bincikensa a kan cutar Alzheimer ne, watau wadda ta fi kowace cuta jawo gigin tsufa. Akwai wani sinadari a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa mai suna tau, wanda in cutar ta kama mutum yakan dunƙule ya cukurkuɗe har ƙwayoyin su mutu. Shi da abokan aikinsa sun nuna cewa tau yana da wani aiki a can tsakiyar ƙwayar, inda bayanan gado suke.

Amma aikinsa da ya fi shafarmu shi ne ƙidayar da suka buga a mujallar Nature Communications a 2021. Sun bi takardun binciken ƙwaƙwalwa 5,219 da aka yi a ƙasashen Afirka daga 1996 zuwa 2017. Sai ga Masar ce a gaba, Afirka ta Kudu na biye, Nijeriya kuwa duk da yawan jama'arta ta zo ta uku da kimanin kashi 11 cikin 100. Har ila yau sun gano cewa masananmu kaɗan ne suke da na'urorin zamani, kuma kuɗin binciken yawanci daga waje yake zuwa.

Mai karatu zai ce, to, in Turawa sun bincika ba shi ke nan ba? Amsar tana nan kusa da ku. Tun daga 1992 likitocin Badun da na Indiyanapolis ta Amurka suka shiga gwada tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen fatar can, suka tarar cutar ba ta kama Yarbawa kamar yadda take kama waɗancan. Ashe abin da aka gano a jikin wasu ba lalle ya dace da namu ba. Ga shi kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu gigin tsufa sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe marasa ƙarfi irin namu.

Saboda haka Dakta Maina ya waiwayo gida. A 2021, da taimakon gwamnatin Yobe, aka buɗe cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, aka zuba mata manyan madubin likita, ana koya wa matasa aiki da su.

A shekarar nan ta 2021 ne kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a nan Azare, ga kuma jami'ar jiha a Gaɗau. Daga Azare zuwa Damaturu titi ɗaya ne, ta Potiskum. Yaron Katagum ko Jama'are ko Misau da ke son wannan ilmi bai da sauran dalilin cewa sai an tsallaka teku.

Ku da ke neman halaliya a Kurmi, abu biyu ya rage gare ku. In tsoho ya fara ruɗewa a kai shi asibiti, a kuma yi haƙuri da shi, kada a ɗaure shi ko a kira shi maye. Yaran da kuka bari a gida kuwa a tsaya a kan karatunsu na kimiyya, maza da mata. Allah ya ba tsofaffinmu lafiya, amin.