Rubutun Jikin Taya: Harshen da Masu Babur Ba Su Karantawa

A duk lokacin da aka zauna ana tattauna haɗurran babur a ƙasar nan, dalilan da akan jero ba su wuce gudun wuce sa'a, da ɗaukar mutum uku ko huɗu a kujerar mutum biyu, da ƙin sanya hular kwano, da lalacewar hanyoyi ba. Duk gaskiya ne. Amma ba kasafai nakan ji an ambaci taya ba, alhali a cikin dukkan kayan da aka harhaɗa aka yi babur, ita kaɗai ce ke taɓa ƙasa. Ƙarfin inji da kamun birki da karkatar mahayi a kan kwana, duk sai sun bi ta wani ɗan fili na roba wanda bai fi girman katin cirar kuɗi ba, ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

Mai karatu zai tuna cewa ranar 6 ga Maris, 2016, fashewar taya ce ta zama sanadin ajalin Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. A cikin babbar mota mai ƙafa huɗu ke nan. To ina ga mai babur, wanda jikinsa ne bodin abin hawansa?

Kada wani ya ce zancen bai shafe shi ba don yana hawa mota. Gaskiya ne an hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006, aka kuma hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano a 2013, amma babur bai bar rayuwarmu ba. Shi ne abin hawan malamin firamare da ma'aikacin asibitin karkara da manomi da ɗan aike. Da yawa daga cikinmu mun saya wa ɗa ko ƙane ko yaron gida babur, kuma mu ake tarar wa da maganar kuɗin taya idan ta cinye.

Sana'ata nazarin harshe ce, don haka ta nan nake kallon lamarin. Mun ari kalmomin taya da faci da birki daga Turanci, mun gyara su sun zauna daram a bakin Bahaushe. Abin da muka bari a baya shi ne karatun rubutun da ke jikin tayar. Kowace taya ta ƙwarai tana ɗauke da girmanta da nauyin da za ta iya ɗauka da makon da aka ƙera ta, an rubuta su ɓaro-ɓaro a gefenta. Amma je ka shagon kayan babur ka saurari ciniki. Mai saye zai ce a ba shi ta baya mai ƙwari, mai shago ya miƙo, ya danna ta da babban yatsa, ya taya, a sallama. Ba a karanta ko harafi ɗaya ba.

Taura biyu ba ta taunuwa

Kafin mu zo ga rubutun, ya kamata mu san abin da ake nema a jikin taya. Abu uku ne: ta kama hanya, ta bi umarnin mahayi, ta kuma daɗe ba ta cinye ba. Matsalar ita ce na farko da na ƙarshe ba sa shiri. Tun da Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa roba da farar wuta a Amurka a 1844, John Boyd Dunlop kuma ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a Belfast a 1888, masu ƙera taya suke fama da wannan ciniki. Roba mai laushi tana shiga cikin ƙananan ramukan kwalta ta riƙe su, shi ya sa take kama hanya, kuma wannan laushin ne ke sa ta cinye da wuri. Roba mai tauri tana daɗewa, amma idan aka taka birki ba zato, musamman a jiƙaƙƙiyar hanya, ta fi saurin sulɓewa. Saboda haka idan mai shago ya rantse maka cewa tayarsa ta fi kowace ƙarko, ta fi kowace kama hanya, kuma ta fi kowace araha, to ka riƙe aljihunka.

Kamfanoni sun yi ƙoƙarin rage wannan tazara. Baya ga baƙin gari mai kama da kunkunniya da ake cuɗawa cikin roba don ƙara mata ƙarko, ana sa silika, sinadarin da ke cikin yashi, wanda ke taimaka wa taya ta kama hanya a cikin ruwa. Akwai kuma tayoyin da aka yi tsakiyarsu da roba mai tauri, gefunansu da mai laushi, domin a miƙaƙƙiyar hanya tsakiya ce ke aiki, a kan kwana kuwa gefe. Irin waɗannan sun fi tsada, kuma an fi samun su a manyan babura. Ga mai ƙaramin babur na yau da kullum, shawarata ita ce idan ya zama dole a zaɓa, a fifita kama hanya a tayar gaba, a nemi ƙarko a ta baya. Ta gaba ce ke ɗaukar mafi yawan aikin birki da sarrafa kan babur. Idan ta baya ta zame ana iya ceto, amma zamewar ta gaba ba kasafai take ba mutum damar yin wani abu ba.

Bin umarnin mahayi kuwa daga surar tayar yake. Tayar mota shimfiɗaɗɗiya ce, ta babur tana da doro, domin babur sai ya kwanta gefe yake shan kwana. Idan tsakiyarta ta cinye ta zama falale, mahayi zai ji babur yana yi masa gardama a kwana, can kuma ya faɗa gefe farat ɗaya. Haka nan al'adar samari ta cusa ƙatuwar taya a kan siririn wili don ado tana matse robar ta ɓata wannan doro, sai a biya kuɗi a sayi rashin daidaito.

Shi kuma zanen da ke jikin taya, magudanar ruwa ce. Aikinsa shi ne ya kori ruwa daga ƙarƙashin robar don ta taɓa kwalta. Tayar da ta zama sumul tana iya yin watannin rani ba ta nuna halinta ba, sai ranar ruwan farko, lokacin da ƙura da baƙin man da suka taru a kan titi suka jiƙe suka zama kamar sabulu. Wanda hanyarsa ta burji ce ko rairayi ko taɓo, mai manyan haƙora ta fi dacewa da shi, amma ya sani a kan kwalta za ta yi ƙugi, ta cinye da wuri, kamunta kuma ya ragu. Mutum ya dubi hanyar da ya fi bi a mako, ya saya mata taya.

Yadda ake karanta rubutun

Mu ɗauki misalin taya da aka rubuta wa 3.00-18 47P. Lambar farko faɗinta ne, inci 3. Ta biyu girman wilin da za ta hau, inci 18. Idan kuwa ka ga 90/90-18, faɗin milimita 90 ne, tsayin gefenta kashi 90 cikin 100 na faɗin, wilin dai inci 18. Abin da kamfanin babur ya rubuta a littafinsa shi za a bi.

Lambar 47 ita ce ta nauyi, kuma fassararta kilo 175. Da 52 aka rubuta, da kilo 200 ne. A nan ya kamata manomi ya tsaya ya yi lissafi. Idan ya ɗora buhu mai cin kilo 100 a bayan babur, ya hau da nasa nauyin, ga kuma nauyin babur ɗin kansa, yawancin wannan kaya a kan tayar baya yake sauka, kuma cikin sauƙi zai zarce abin da aka yi ta dominsa. Taya mai ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, zafi kuwa shi ke raba roba da zaren da ke cikinta. Mai ɗaukar kaya ya nemi wadda aka rubuta wa 6PR maimakon 4PR, domin ta fi ƙarfin gini. Harafin ƙarshe kuma iyakar gudu ne: J kilomita 100 a sa'a, L 120, P 150.

Sai shekarun haihuwa. A ƙarshen jerin da ya fara da haruffan DOT akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tun daga shekarar 2000 ake amfani da wannan tsari, don haka tayar da ke da lambobi uku kacal ta girmi wasu masu hawanta. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Rana da zafi suna busar da ita, ta yi tauri, gefenta ya yi tsage-tsage kamar faso. A ƙasar da zafin Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40 a watan Afrilu, tayar da aka rataye a ƙofar shago shekara da shekaru ta fara mutuwa tun ba a saye ta ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha yin gargaɗin cewa kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Kamfanin Michelin kuma shawararsa ita ce daga shekara 5 a riƙa kai ta ga masani duk shekara, idan ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Ko wanne mutum ya bi, sai ya iya karanta lambobin nan huɗu tukuna.

Akwai sauran alamomi. Kibiya tana nuna wajen da taya za ta riƙa juyawa, idan aka ɗaura ta a baibai zanen ba zai kori ruwa yadda aka tsara ba. TT na nufin mai tub, TL kuma maras tub, wadda ake kira tubles. Idan ƙusa ta soki mai tub, iska kan fice nan take, maras tub kuwa takan sace a hankali har mutum ya samu ya tsaya. Sai dai galibin wilin da ke da wayoyi irin na keke ba ya riƙe iska sai da tub. Daga ƙarshe, inda aka rubuta TWI ko aka yi ɗan alamar dala a kafaɗar taya, leƙa cikin zanen za ka ga wani ɗan tudu. Ranar da fuskar taya ta yi daidai da tudun nan, aikinta ya ƙare. A Ingila doka ba ta yarda zanen tayar babur mai injin da ya haura cc 50 ya gaza zurfin milimita 1 ba.

Kasuwar da muke saye

Ba laifin mai saye kaɗai ba ne. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kasuwa ta ƙara dogara ga abin da aka shigo da shi, mai kyau da maras kyau. An sa tsofaffin tayoyi cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, amma gwanjo bai ɓace ba. Wasu marasa tsoron Allah ma sukan sa wuƙa su sake yanka zane a jikin tayar da ta cinye, su shafe ta da baƙin mai ta yi sheƙi. Kyan ɗan maciji ke nan, domin abin da ya rage tsakanin mahayi da zaren tayar bai fi kaurin fatar albasa ba. Na san halin da aljihun talaka ke ciki, amma a auna bambancin kuɗin sabuwar taya da ta gwanjo, sannan a auna shi da kuɗin ɗori da watanni uku na zaman jinya ba a fita nema. Araha ba ta ado.

Ko an dace da taya ta gari, iska ce ranta. Yawancin masu faci da ƙwanƙwasa sifana suke awo, wasu kuma da matsa yatsa. Ido ya san kima, amma a nan mudu ake bukata, wato gejin awon iska, wanda bai kai kuɗin taya ɗaya ba. A auna da safe kafin a hau, domin tafiya tana ɗumama iska ta ƙara lamba. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, wadda ta dace da babur tana cikin littafinsa ko a manne a jikinsa. Ƙarancin iska yana sa zafi da cinyewar gefuna da shan mai, yawanta kuma yana rage filin da ke taɓa ƙasa ya cinye tsakiya. Sabuwar taya tana da santsi, don haka a lallaɓa ta a kilomita 150 na farko.

Ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, da su buga wannan bayani a takarda guda, da boko da ajami, a liƙa a shagunan kayan babur da rumfunan masu faci. Gidajen rediyonmu su ware masa ko da minti biyar ne kafin faɗuwar damina. Mu kuma da ke sassan nazarin harsuna a jami'o'i, aikinmu ne mu zauna da kanikawa da masu faci mu daidaita kalmomin da za a yi wannan bayani da su, domin abin da mutum ba shi da sunansa a harshensa, da wuya ya tambaye shi a kasuwa. Kai kuma mai karatu da Allah Ya hore wa ilimi, kafin ka miƙa wa yaronka kuɗin taya, koya masa ya duba girma da nauyi da lambobin nan huɗu, sannan ya taya. Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya, amin.