Daɓen tsohuwar mota: faci ba magani ba ne

Motar Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a Faransa cikin shekara 1960, ta daɗe tana jigilar jama'a bisa hanyoyin Nijar. Waɗanda suka rage, tsatsa ce abokiyar gabarsu. Ruwan damana kan kwanta ƙarƙashin shimfiɗar roba, ya ci ƙarfen daɓe. In daɓe ya huje, jikin mota ya raunana, hayaƙi mai guba kuma ya samu ƙofa.

Gwanin walda ba ya liƙa faci bisa ruɓa. Yakan cire batir, ya kawar da bututun mai, ya yanke ƙarfe har inda yake da lafiya. Sabon ƙarfe sai ya ɗinke shi ɗigo-ɗigo, don kada zafi ya tanƙware shi, sannan ya shafa fenti mai hana tsatsa ciki da waje.

Mai mota dai ya ɗaga roba ya duba tun kafin damana.