Ƙanwata na son yin digirin digirgir a adabi: abin da muka bincika kafin ta sayi fom

Wata safiya na dawo daga aikin dare a asibiti, ko takalmi ban cire ba, na tarar da ƙanwata a falona da fayil cike da takardu. Ta kammala digiri na biyu a adabin Hausa, inda ta yi nazarin littattafan marubuta mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa. Yanzu digirin digirgir take so, burinta ta zama malamar jami'a. Yaranta biyu, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Ta ce, "Yaya, wace jami'a ce ta fi suna?"

Ni allura da awon hawan jini na sani. Amma mun shafe kusan wata biyu muna tambayar waɗanda suka bi hanyar, kuma na san cikinku akwai masu 'ya'ya ko ƙanne da ke wannan tunanin, wata ma ita ce da kanta.

Burin nata yana kan hanya. Da digiri na biyu za a iya ɗaukar mutum koyarwa a jami'a, sai dai a mafi yawan jami'o'inmu ƙarin girma kan tsaya cak kafin matakin babban lakcara idan babu digiri na uku. Inda ta kuskure shi ne tambayar suna. Kusan duk wanda muka tuntuɓa amsa ɗaya yake ba mu: ku fara sanin wane malami ne zai duba aikin.

Dalilin ya fi ƙarfi a fannin adabi da fasaha. Ɗalibin kimiyya yana da ɗakin gwaji da abokan aiki da yake gani kullum. Mai nazarin waƙa ko wasan kwaikwayo kuwa daga ita sai littattafanta sai malamin nan guda. Shi zai amince da taken bincike, shi zai karanta kowane babi, kuma sai ya sa hannu kafin a kira mai jarrabawa daga wata jami'ar. A takarda shekara 3 ce mafi ƙarancin lokaci ga mai karatu na cikakken lokaci. A zahiri na san wadda ta kai babinta na biyu a wata jami'a, ya kwanta a teburin malaminta wata 10. Kafin a dawo mata da shi ta yi ciki ta haihu, aka fara maganar sabunta rajista da kuɗinta. Har yau ba ta gama ba, kuma ba ta son a tayar da zancen.

Saboda haka muka sa ƙanwata ta nemo maƙalun malaman da take tunani ta karanta, ta ga ko sun taɓa rubutu kan abin da ya dame ta. Ta nemi ɗalibansu, na ce kada ta tsaya kan waɗanda suka gama, ta nemo har waɗanda suka watsar, domin a bakinsu ake jin ainihin labari. Ɗalibai nawa ke hannunsa? Yana ɗaukar waya? Yana riƙe da wani muƙami da ke hana shi zama ofis? Har shekaru ta lissafa, tunda farfesa a Najeriya yana ritaya ne a shekara 70, kuma babu daɗi a sauya wa mutum mai duba aiki ana tsakiyar tafiya. Akwai tambayar da ni na ƙara, a matsayina na yayarta: yaya mu'amalarsa da ɗalibai mata? Wannan ba a yin ta a ofis, sai a keɓe.

Bayan malami sai wurin da kayan binciken suke. Mai nazarin littattafan zamani ko finafinan Hausa, Kano ce gidanta: marubutan suna can, Jami'ar Bayero na can, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana rubutu a wannan fage. Mai bin tsofaffin rubuce-rubucen ajami da waƙoƙin masu jihadi za ta fi jin daɗin Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Mai buƙatar takardun zamanin Turawa tana da Gidan Arewa da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello. Idan zane ko sassaƙa ne, Zariya ta daɗe da suna, tun 1958 da ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane.

Ta so fita waje, ban ga laifinta ba. SOAS da ke Landan ta daɗe da nazarin Hausa, haka Jami'ar Bayreuth a Jamus tana da makarantar digiri na uku kan nazarin Afirka, kuma akwai tallafin Commonwealth da na DAAD ga wanda ya dace. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalansu, amma masu digirin digirgir ba sa cikin hanin. Sai dai izinin zuwa da yara daban, kuɗin haya da na mai reno daban. Mijinta ma ba zai bar aikinsa ba. Kuma ko ta je, dole ta dawo Kano ta yi hira da marubutan da take nazari.

Na gida ma yana da nasa. A 2022 yajin aikin ASUU ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, komai ya tsaya. Tallafin TETFund kuwa na malaman da ke aiki a manyan makarantun gwamnati ne, wadda ba ta da aiki ba ta ciki. Shi ya sa wasu ke fara neman koyarwa ko a kwalejin ilimi ce, sannan su nemi karatun. Ita ma ta miƙa takardunta a wurare biyu.

A ƙarshe ta tsayar da wata farfesa mace a jami'ar da ba ta kai tafiyar awa biyu daga gidanta ba. Ta je ta same ta da shafi uku na abin da take son bincikawa. Matar ta karanta a gabanta, ta ja layi da jan biro a kusan rabinsa, ta ce taken ya yi faɗi, ta rage shi zuwa marubuta biyu ta dawo bayan mako uku. Ƙanwata ta fito ranta a ɓace. Ni kuwa daɗi na ji, don an karanta a ranar.

Da muka je wa Hajiyarmu da maganar, ba ta tambayi sunan jami'a ba. Cewa ta yi, "Ranakun da za ki tafi, wa zai ɗauko yara daga makaranta?" Muka yi shiru. Yanzu dai an raba: Talata na Hajiya, Alhamis tawa idan ba ni da aikin rana, mijinta ya ɗauki kuɗin mota da na rajistar shekarar farko. Fom ɗin yana cikin jakarta, saura takardar shaida daga malamanta biyu na baya, ɗaya ya ce ta dawo ranar Litinin.