Matsalolin Adana Jadawalin Lissafi A Kwamfuta: Darasi Daga Ingila

Gabatarwa

A ranar Lahadi, 4 ga watan Oktoba na shekarar 2020, Hukumar Lafiyar Jama'a ta Ingila ta fitar da wata sanarwa wadda ta tayar da hankalin mahukunta da likitoci. Hukumar ta bayyana cewa mutum 15,841 waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu da cutar korona ba su shiga cikin alƙaluman da ake sanarwa kullum ba, daga 25 ga Satumba zuwa 2 ga Oktoba. Da aka bi diddigi, sai aka tarar ba a ɗakin gwaji matsalar take ba. Wani fayil ne na jadawalin lissafi ya cika, sauran bayanan kuma suka zube ba tare da kowa ya lura ba. Hausawa kan ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Irin manhajar da ta jawo wa babbar hukuma wannan asara, ita ce malamai ke amfani da ita wajen tattara sakamakon jarrabawa, ita ce kuma ake koya wa ɗalibai a darasin kwamfuta. Saboda haka ya dace a san yadda ake adana irin wannan fayil, da dalilan da kan sa adanawar ta ci tura, da kuma hanyoyin gyara.

Mene Ne Jadawalin Lissafi?

Jadawalin lissafi shafi ne a fuskar kwamfuta wanda aka rarraba shi gida-gida, kamar rajistar da malami ke kiran suna da ita. Yana da layuka na kwance da ginshiƙai na tsaye, kuma inda layi ya gamu da ginshiƙi nan ne gurbi. A cikin gurbi ana iya rubuta suna, ko lamba, ko ƙa'idar lissafi wadda za ta tara ko ta raba abin da ke cikin wasu guraben. Da zarar an sauya lamba ɗaya, sai duk lissafin da ya dogara da ita ya gyara kansa.

Manhajar farko ta wannan aiki da ta shahara ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a shekarar 1979 domin kwamfutar Apple II. Daga baya Lotus 1-2-3 ta biyo a 1983, sa'an nan kamfanin Microsoft ya fito da Excel a 1985. A yau akwai wasu kamar LibreOffice Calc da Google Sheets, amma Excel ce ta fi yaɗuwa a ofisoshi da makarantu.

Abin Da Ya Faru A Ingila

A lokacin annobar, ɗakunan gwaji na kamfanoni masu zaman kansu sukan aika wa hukumar sakamakonsu a cikin fayil mai tsarin CSV. Wannan tsari rubutu ne tsagwaronsa, ana raba kowane bayani da waƙafi, kuma ba shi da iyakar layuka. Ita kuwa hukumar ta shirya wata hanya mai sarrafa kanta, wadda ke kwashe waɗannan bayanai ta zuba su cikin jadawalin Excel kafin a tura su babbar ma'ajiya. Kuskuren shi ne an zaɓi tsohon tsari mai suna XLS, wanda shafinsa ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Daɗin daɗawa, sakamakon gwaji ɗaya yakan ci layuka da dama, don haka kowane jadawali bai iya ɗaukar fiye da kimanin mutum 1,400 ba. Sa'ad da masu kamuwa ba su da yawa, aiki ya tafi daidai. Da cutar ta sake tasowa a watan Satumba, sai fayilolin suka riƙa cika, duk abin da ya wuce iyaka kuma ya zama an bar shi a waje.

Su waɗanda aka gwada sun sami sakamakonsu yadda aka saba. Inda ɓarnar take shi ne sunayensu ba su isa ga ma'aikatan bin sawu a kan lokaci ba, wato masu neman mutanen da majinyaci ya yi cuɗanya da su domin a gargaɗe su su killace kansu. An ƙiyasta cewa waɗannan mutane sun kai kimanin 48,000. Washegarin sanarwar, Sakataren Lafiya na wancan lokaci, Matt Hancock, ya tsaya gaban Majalisar Dokoki yana bayani. Daga baya wasu masana tattalin arziki biyu, Thiemo Fetzer na Jami'ar Warwick da Thomas Graeber na Jami'ar Harvard, suka kwatanta yankunan da matsalar ta fi shafa da waɗanda ba ta shafa sosai ba. Ƙiyasinsu ya nuna cewa jinkirin yana da alaƙa da ƙarin kamuwa fiye da 125,000 da kuma mutuwar mutum fiye da 1,500. Gyaran gaggawa da hukumar ta yi mai sauƙi ne ƙwarai: ta riƙa rarraba bayanan zuwa ƙananan fayiloli domin kada ɗaya ya kai iyaka.

Sirrin Lambar 65,536

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa iyakar ta tsaya a kan wannan lamba? Amsar tana cikin yadda kwamfuta ke ƙirga. Kwamfuta ba ta san komai ba sai sifiri da ɗaya, tamkar makunnin lantarki wanda ko dai a kunne yake ko a kashe. Makunni ɗaya yana ba da hali biyu, makunni biyu suna ba da hali huɗu, uku kuma takwas, haka abin ke ta ninkawa. Masu ƙera tsarin XLS sun ware makunni 16 domin lambar kowane layi. In aka ninka 2 da kanta har sau 16, abin da za a samu shi ne 65,536. Bayan wannan babu sauran lambar da za a ba sabon layi. Ginshiƙai kuma an ware musu makunni 8, shi ya sa suka tsaya a 256.

A cikin Excel 2007 aka shigo da sabon tsari mai suna XLSX, wanda ke ɗaukar layi 1,048,576 da ginshiƙi 16,384. Ke nan a lokacin da abin ya faru a Ingila, tsarin da zai ɗauki ninki 16 na layukan ya daɗe da fitowa. Sai dai shi ma yana da iyakarsa, domin haka bayanan ƙasa guda sun fi dacewa da rumbun bayanai na musamman.

Idan Kwamfuta Ta Ƙi Adanawa

Matsalolin adanawa iri biyu ne. Akwai mai fitowa fili, inda kwamfuta ke nuna saƙon cewa ba a adana fayil ba, akwai kuma mai ɓoyewa. Domin a gane ta farko, sai an san abin da ke gudana a lokacin adanawa. Yayin da mutum ke aiki, jadawalin yana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, wadda ke mance komai da zarar wuta ta ɗauke. In aka ba da umarnin adanawa, Excel takan buɗe wani fayil na wucin gadi a cikin jakar da ainihin fayil ɗin yake, ta rubuta dukkan aikin a ciki, sa'an nan ta goge tsohon, ta laƙaba wa sabon sunansa. Duk abin da ya tare ɗaya daga cikin waɗannan matakai zai hana adanawa.

Na farko shi ne ƙarancin wuri. Tun da akwai lokacin da tsohon fayil da sabo suke zaune tare, faifan da ya kusa cika zai iya ƙin karɓa. Na biyu shi ne rashin izini, kamar yadda yakan faru a ɗakin kwamfuta na makaranta, inda ake hana ɗalibai rubutu a wasu jakunkuna. Na uku shi ne yankewar hanya, wato a zare filash kafin a gama, ko sadarwa ta katse in fayil ɗin yana kan wata kwamfutar. Na huɗu shi ne suna. Windows ba ta yarda da alamomi irin su / da : da * da ? a cikin sunan fayil ba, don haka mai son sa kwanan wata a suna sai ya rubuta 12-03-2024. Hakazalika, bayanan Microsoft sun ambaci haruffa 218 a matsayin iyakar tsawon adireshin fayil, in an haɗa sunayen jakunkuna da na fayil ɗin. Na biyar shi ne wani ya riga ya buɗe fayil ɗin, sai ya buɗe wa na biyu domin karatu kawai. Wani lokaci kuma manhajar kariya daga cututtukan kwamfuta takan riƙe fayil ɗin wucin gadi tana bincikensa, har adanawar ta tsaya.

A duk waɗannan halaye, babban kuskure shi ne a rufe manhajar cikin fushi, domin aikin yana nan a ƙwaƙwalwa muddin ba a rufe ba. Abin yi shi ne a zaɓi umarnin adanawa da sabon suna, a ba shi gajeren suna, a ajiye shi a babban faifan kwamfutar. In hakan ya yi nasara, to matsalar daga wurin ajiya na farko take. In bai yi ba, sai a kwafe shafukan zuwa sabon jadawali a adana shi. In kuwa wutar lantarki ce ta ɗauke, Excel tana da wani tanadi mai suna AutoRecover wanda ke ajiye kwafi duk bayan minti 10, kuma ana iya rage wannan tazara.

Ɓarnar Da Ba Ta Ƙara

Matsala ta biyu ta fi haɗari, domin fayil yakan adanu amma abin da ke ciki ya sauya. Tsarin CSV shafi ɗaya kawai yake adanawa, kuma yana zubar da ƙa'idojin lissafi ya bar sakamakonsu. Malamin da ya shirya aji uku a shafi uku, in ya adana a wannan tsari, aji ɗaya zai tarar. Ga masu rubutun Hausa akwai ƙarin tarko. Tsohon nau'in CSV bai san haruffa masu lanƙwasa ba, wato ɓ da ɗ da ƙ da kuma ƴ ta rubutun Nijar, sai ya maye gurbinsu da alamar tambaya. Maganin wannan shi ne a zaɓi CSV UTF-8.

Lambobi ma ba su tsira ba. Lambar waya a Nijeriya da sifiri take farawa, Excel kuwa takan ɗauke ta lambar lissafi ta cire sifirin. Lamba mai alƙalami 12 ko fiye takan bayyana a taƙaice da harafin E a tsakiya, in aka adana ta haka a CSV kuma, sauran alƙaluman sun tafi ke nan. Bayan alƙalami na 15, duk abin da ya biyo baya sifiri yake komawa. Haka nan makin da aka rubuta 7/10 yakan rikiɗe ya zama kwanan wata.

Wannan rikiɗa ta addabi masana ƙwayoyin halitta na gado. Sunaye irin su SEPT2 da MARCH1 sukan koma 2 ga Satumba da 1 ga Maris. A shekarar 2016 Mark Ziemann da abokan aikinsa a Ostareliya suka bincika maƙalu 3,597 masu ɗauke da jerin waɗannan sunaye, suka sami irin wannan kuskure a cikin 704, wato kusan ɗaya cikin biyar. A shekarar 2020 kwamitin da ke raɗa waɗannan sunaye ya bayyana cewa ya sauya guda 27, inda SEPT1 ta koma SEPTIN1, MARCH1 kuma ta koma MARCHF1. Sai a 2023 Microsoft ya ƙara wa Excel zaɓin kashe wannan sauyi na kai tsaye. Hanyar kariya mafi sauƙi ita ce a mayar da ginshiƙin na rubutu tun kafin a shigar da komai, ko a sa alamar hamza a gaban lambar.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Ya kamata ainihin fayil ya kasance a tsarin XLSX ko makamancinsa, CSV kuwa a fitar da shi a matsayin kwafi in an buƙata. Saƙon gargaɗin da kan fito sa'ad da ake komawa tsohon tsari, a tsaya a karanta shi kafin a danna. A yi aiki a kan faifan kwamfuta, sai an gama a kwafa zuwa filash, kuma a ajiye kwafi a wurare biyu, kowanne da kwanan watansa. Mafi muhimmanci shi ne ƙirga. Bayan an adana, a rufe fayil a sake buɗe shi, a gangara layin ƙarshe, a kwatanta yawan abin da aka shigar da yawan abin da ke ciki. In malami ya shigar da ɗalibai 240, to 240 ya kamata ya tarar. Da a ce hanyar da hukumar Ingila ta shirya tana yin wannan ɗan ƙirgen a kowace rana, da an gano giɓin tun ranar 25 ga Satumba.