Daga Kwatar Tudun Wada Zuwa Tekun Atlantika

Mutumin Sakkwato, wanda mai yiwuwa ne ya ƙare rayuwarsa bai taɓa ganin teku ba, in aka ce masa yana da hannu cikin gurɓatar ruwanta, lalle zai ɗauki maganar almara ce. Amma duk wanda ya tsaya bakin kwata a Tudun Wada ranar ruwan farko na damina, ya ga yadda ruwa ke tunkuɗo ledojin fiya wata da baƙar ledar cefane da gorunan lemo, har su cushe bakin kwalbati yara su zo da sanda suna zungura, to ya riga ya ga mafarin al'amarin.

Ita leda ba ta ruɓewa ta koma ƙasa. Abin da ke faruwa shi ne, zafin ranar bazara, wanda garin nan ya yi suna da shi, yakan gasa ta har ta yi rauni, sa'an nan ƙafar mutane da kofaton dabbobi da gogar yashi su yi ta marmasa ta, har ta zama ɓarɓashi, wani kamar ƙwayar gero, wani kuwa ido ba ya riskarsa sai da madubin likita. Masana sun yi ittifaƙi a kan cewa duk gutsuren robar da bai kai milimita 5 ba yana cikin wannan jinsi, kuma Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila, shi da abokan aikinsa, su ne suka jawo hankalin duniya gare shi a 2004.

Ruwan kwata ya gangara fadama ya faɗa gulbi. Gulbin Sakkwato da na Rima, waɗanda suka haɗu kusa da birni, su wuce da shi ta Argungu da Birnin Kebbi su zuba a Kwara. Wani ɓarɓashin ya kwanta cikin lakar madatsar Kainji da ta Jebba, saura ya bi ta Lakwaja, inda Binuwai ke kawo nata kaso, har ya isa teku. A 2017 wasu masana a Jamus sun lissafa koguna goma da suka fi kai wa teku roba, takwas a Asiya, biyu a Afirka, watau Nilu da Kwara, ko da yake wani bincike na 2021 ya raba alhakin a kan koguna fiye da dubu.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne ɓoyuwar abin. Malamanmu na fiƙihu, tun daga Ahalari har Risala, sun karantar da mu auna ruwa da siffofi uku, launi da ɗanɗano da wari, kuma a babin tsarki wannan ma'auni ya wadatar, ba mu da ta cewa. Sai dai ɓarɓashin roba ba ya jirkita ko ɗaya daga cikinsu, saboda haka ruwa yana iya zama garau a ƙwarya alhali yana ɗauke da shi. Mahauci kan tsaga tumbin saniya ya ciro dunƙulen leda ya nuna wa kowa. Ɓarɓashin da tarwaɗa da karfasa suka haɗiya a gulbi kuwa, ko Basarke da ya tsufa cikin su ba ya ganinsa. A 2022 masana a Holan suka same shi cikin jinin ɗan Adam.

Da zarar leda ta marmashe ta shiga gulbi, babu koma ko taru da zai tsamo ta, don haka duk dabarar da za a yi, sai a yi ta tun tana ɗanyarta a tudu. Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu a nan, mafi yawan aikin ya faɗa kan yaran jari bola, su kuwa gora da tsohon bokiti suke tsinta, su tsallake ledar fiya wata, domin ba ta da nauyin da zai ɗaga sikeli.