Zomo Ba Ya Kamuwa Daga Zaune

Idan gona ta ƙi, kowa yana da abin faɗa. Wani ya ce ruwa bai zo da wuri ba. Wani ya ce taki ya yi tsada. Wani kuma ya ce gwamnati ta manta da talaka. Duk wannan yana iya zama gaskiya, amma faɗarsa ba ta cika rumbu.

Manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun sha wahala ƙwarai. An yi fari a 1973, aka sake yin wani a 1984. Dabbobi suka mutu, hatsi ya ƙare. Gonaki sun zama fili fetal saboda an sare itatuwa. Iska takan kwaso yashi ta binne shuka, sai an sake shuka sau biyu ko uku.

A 1983, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura da wani abu. Kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwarsu tana da rai. Kowace shekara suna toho, manoma suna sarewa lokacin sharar gona. Sai ya ba da shawara a riƙa barinsu. Da farko mutane da yawa sun ƙi. Kaɗan suka gwada, maƙwabta suka ga amfani, suka bi. Ana kiran wannan dabara sassabin zamani.

Ga yadda ake yi. Manomi ya zaɓi toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, ya sare sauran. Ya riƙa rage rassan ƙasa, ya kuma tsare su daga awaki da masu saran itace. Ba a sayen komai, wuƙa ko gatari ya isa.

Itacen gawo ya fi taimako. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa. Ganyen ya zama taki, 'ya'yan kuma abincin dabbobi ne da rani. Mata sun sami itacen girki kusa da gida.

An kiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 ta wannan hanya. Ruwan sama ba a hannun manomi yake ba, amma gatari yana hannunsa. Kafin sharar gona ta bana, kowane manomi ya zaga gonarsa ya ƙirga kututturan da ke toho.