Ɗori, Tiyata da Tsoron Yanke Hannu a Ƙasar Adar

Wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp tsakanin mutanen Kaita, Buza da Madawa yana gargaɗin jama'a kada su kai karayar hannu asibiti, bisa hujjar cewa likitoci suna saurin yanke hannu, kuma ƙarfen da suke sakawa yana tsatsa a jiki yana janyo aradu, saboda haka wai a bar ɗori ya yi mako biyu kafin a yi tunanin likita. Batun tsatsa da aradu ba shi da tushe, domin ƙarfen tiyata na titaniyom ne ko ƙarfe marar tsatsa da aka ƙera don zama cikin jiki, kuma tsawa ba ta bin ɗan tsinken da ke cikin yatsa. Wasu da aka saka wa ƙarfe suna jin tsami a wurin lokacin hunturu, abin da bincike bai tsayar da sababinsa ba tukuna.

Gaskiya ne cewa ba kowace karaya ce ke buƙatar tiyata ba. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 27, wato 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu, kuma yawancin karayarsu, muddin ƙashin bai goce ba, tana haɗewa cikin 'yan makonni idan an tallafe ta, ko da siminti na asibiti ne ko da karan mai ɗori. Wannan ne asalin amincewar da jama'a ke yi wa masu ɗori, waɗanda suke kusa, suke da sauƙin biya, a ƙasar da fasa dutse, amalanke da kabu-kabu ke karya hannu kullum, asibiti kuwa yake nesa.

Maganar yanke hannu ita ce mai haɗari, domin ta juya sababi da sakamako. Ƙashi idan ya karye, naman da ke kewaye da shi yana kumbura cikin kwanakin farko, kuma idan an ɗaure wurin tamau da kara da tsumma, kumburin yakan rasa wurin zuwa, sai ya matse ƙananan hanyoyin jini har jini ya daina isa ga tsoka da jijiya. Tsokar da ta rasa jini tana fara mutuwa cikin kimanin awa 6, mutuwar da babu magani ko tiyatar da ke mayar da ita. Likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana wannan tun 1881, inda ya nuna cewa ɗauri mai tsanani ne ke sa hannu ya shanye, yatsu su ƙanƙame. Simintin asibiti ma yana iya haddasa hakan, shi ya sa ake tsaga shi da zarar kumburi ya tsananta. Idan aka ƙara kwanaki, nama ya yi baƙi ya fara ruɓewa, guba takan shiga jini, kuma a nan ne likita ke yanke hannu don ceton rai. Mutanen gari suna ganin wanda ya dawo babu hannu, ba su ga yadda hannun yake ranar da aka kwance tsumman ba, don haka ba za a zarge su da jin tsoro ba. Wanda ya naɗi saƙon kuwa ba shi da wannan uzuri, domin ya yanka wa mutane wa'adin mako biyu a kan lamarin da ake ƙirga shi da awa, kuma duk yaron da ya rasa hannu saboda wannan wa'adi, akwai alhakinsa a wuyan mai saƙon da masu tura shi ba tare da tambaya ba.

Tiyata tana zama dole a wurare sanannu, waɗanda hoton ƙashi ke taimakawa a tantance: idan ƙashi ya huda fata, idan karayar ta shiga cikin gaɓa, idan ƙasusuwa da yawa sun karye tare, ko idan ƙashin ya murɗe har yatsa yana hawa kan ɗan'uwansa in an dunƙule hannu. Hanya mafi sauƙi ita ce siririyar wayar ƙarfe da Martin Kirschner ya fito da ita a 1909, wadda ake sokawa ta fata ta riƙe ƙashin, a zare ta bayan mako 3 zuwa 6. Karayar da ba ta tsayuwa da waya akan buɗe ta a ɗaure da ɗan falankin ƙarfe da ƙananan kusoshi, wanda ke ba da damar motsa yatsu da wuri, abin da ke da muhimmanci domin yatsan da ya daɗe a ɗaure sandarewa yake yi. Inda nama ya dagargaje, ƙarfen yakan tsaya a waje yana riƙe ƙashin har ciwon ya warke. Tiyata ma tana da nata haɗarin, musamman shigar ƙwayoyin cuta da sandarewar gaɓa, kuma kuɗinta yana da nauyi ga talaka.

Kaita, Buza da Madawa kowace tana da asibitin gunduma, daga nan kuma ana tura abin da ya fi ƙarfinsu babban asibitin jiha da ke Tawa, sannan akwai asibitin Galmi a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, wanda aka buɗe a 1950 kuma ake tiyata a cikinsa. Karayar da ta huda fata a kai ta asibiti a ranar, domin a wanke ta, a ba da maganin ƙwayoyin cuta da allurar tetanus. Wanda aka yi wa ɗori kuwa, idan zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko miƙe yatsa yana sa shi kuka, ko yatsun sun yi sanyi, sun canja launi, sun daina jin taɓi, to a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko da cikin dare ne.